GYARAN WUTAR TSOHUWAR MOTA: A FARA DAGA WAYA, A ƘARE DA FITILA

Jawabin da wani jami'in Ma'aikatar Watsa Labarai ta Tarayya ya yi wa direbobi, da makanikai, da masu tsofaffin motoci a garin Jos, Jihar Filato.

 

An umurce ni in yi muku magana a kan wutar tsohuwar mota, watau wayoyinta, da batirinta, da fitilunta. Na san a cikinku akwai waɗanda suka fi shekara 30 suna wannan sana'a, saboda haka ban zo da nufin koya muku aikinku ba. Tunatarwa na kawo, kuma magana ɗaya ce. Duk wanda zai sabunta wutar tsohuwar mota, to, ya fara daga waya da fis, sa'an nan ya koma kan caji da batir, fitila ita ce ta ƙarshe. Yawancinmu kuwa ta baya muke farowa, mu sayi ƙwai mai haske mu ɗora wa ruɓaɓɓiyar waya.

Bari in ba ku labarin abin da na gani da idona. Shekarun baya na taso daga Akwanga da dare cikin wata tsohuwar motar haya, za mu zo Jos. Muna tsakiyar Hawan Kibo, ga babbar mota a gabanmu tana nishi, ga rami a gefe, sai muka ji ƙaurin roba. Kafin wani ya buɗe baki, fitilun gaba duka biyu suka ɗauke, duhu ya rufe mu kamar an kifa ƙwarya. Allah Ya sa direban dattijo ne mai natsuwa, kuma ba gudu yake yi ba. Ya lallaba ya tsaya a gefe, ya yi maza ya cire kan batir. Da aka haska tocila, sai ga waya ta narke tun daga bayan sitiyari har zuwa fitila. Ashe ran nan da rana ya sa an cire ƙwayayen fitila na asali, an sa masa masu wat 100, wai domin ya riƙa gani sosai. Da fis ya ƙone a hanya, sai yaron mota ya naɗe shi da takardar sigari mai ƙyalli. Watau neman ƙarin haske shi ne ya jefa mu cikin duhu. A bakin hanya muka kwana cikin sanyi, muna godiya ga Allah da ba a cikin rami muka kwana ba.

DARAJAR TSOHUWAR MOTA

Kada kowa ya ɗauka cewa na zo in ce a zubar da tsofaffin motoci. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. A shekarar 1975 ne kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kakuri, Kaduna, kuma a wannan shekarar ce kamfanin Volkswagen ya fara nasa a Ikko. Peugeot 504, wadda ta fara fitowa a Faransa a 1968, an yi kimanin shekara 30 ana haɗa ta a Kaduna. Ta zama motar manyan ma'aikatan gwamnati, ta zama motar haya, ta zama motar ɗaukar kaya. An daɗe da daina ƙera ta, amma har yanzu akan ga akori-kurarta, da ta yayarta 404, ɗauke da dankalin Turawa da kabeji daga ƙauyukan Filato zuwa kasuwa.

A gidan adana kayan tarihi na nan Jos, wanda aka buɗe a 1952, an ajiye kawunan ƙaramin jirgin ƙasan nan da ya yi zirga-zirga tsakanin Zariya da Jos daga 1914 zuwa 1957. Su sun gama aikinsu, kallonsu kawai ake yi. Tsofaffin motocinmu kuwa ba su gama ba. Wata tana ciyar da gida, wata kuma gadon uba ce da ɗa yake riƙe da ita domin tunawa. A ƙasashen Turai akwai masu neman irin waɗannan motoci da kuɗi mai yawa domin su adana. To, abin da ke da daraja haka ya cancanci a gyara shi bisa ƙa'ida.

Inji idan ya tsufa yakan yi ƙara ko hayaƙi, ya ba da sanarwa. Birki idan ya lalace ƙafa takan ji. Waya kuwa a ɓoye take tsufa, ba ta faɗa wa kowa sai ranar da ta kama wuta.

ABIN DA YA SA MAGANAR TA FI SHAFAR JOS

Mutanen Filato ba baƙin lantarki ba ne, domin tun 1929 aka kafa kamfanin NESCO, mai samar da wuta daga ruwan Kurra saboda aikin haƙar kuza. Amma ƙasar tana da halin da ke wahalar da wutar mota ta hanya uku.

Na farko, sanyi. Jos tana bisa tudu mai tsawon kimanin mita 1,200, kuma kowa ya san sanyin asubar Disamba da Janairu. Sanyi yana rage kuzarin batir, yana kuma sa man inji ya yi kauri, sai ya zama ana neman aiki mai yawa daga batir a lokacin da ya fi rauni.

Na biyu, ruwa. Damina a nan doguwa ce, tun daga Afrilu har Oktoba. Danshi yana shiga mahaɗar wayoyi ya haifar da tsatsa da wannan koren gari da kuke gani a kan jan ƙarfe, su kuwa suna tare wuta.

Na uku, hanya. Hawa da gangara, da kwana, da hazo, da tafiyar asuba ta masu kai kayan lambu kasuwa, duk suna bukatar fitilar da ba ta ha'inci.

MA'AUNI UKU DA YA KAMATA KOWA YA SANI

Wutar lantarki kamar ruwan famfo take. Bolt shi ne ƙarfin turin ruwan. Amfiya ita ce yawan ruwan da ke bi ta cikin bututu. Wat shi ne yawan aikin da ake so ruwan ya yi. Waya kuwa ita ce bututun. Lissafin guda ɗaya ne: a raba wat da bolt, abin da ya fito shi ne amfiya.

Ga misali. Ƙwan fitilar gaba na da, wat 45 ne. Guda biyu wat 90 ke nan, idan aka raba da bolt 12 sai a sami amfiya 7 da rabi. Ƙwan halojin na ƙa'ida, wanda ake kira H4, wat 60 ne a doguwar wuta, 55 a gajeriya. Guda biyu suna jan amfiya 10. Amma ƙwai mai wat 100, guda biyu suna jan kusan amfiya 17, watau fiye da ninki biyu na abin da aka shirya wa wayar da makunninta tun farko. Bambancin waya da bututu shi ne, bututu idan ya yi ƙanƙanta ruwa ne kawai zai ragu, waya kuwa idan ta yi ƙanƙanta zafi za ta yi, robarta ta narke. Abin da ya same mu a Hawan Kibo ke nan.

MATAKI NA FARKO: WAYA DA FIS

Kafin a taɓa kome, a cire kan batir na jikin mota, wanda makanikai ke kira "at". Shi ake fara cirewa, shi ne kuma na ƙarshen mayarwa. Dalili shi ne, idan sifana ta taɓa ɗaya kan da jikin mota a lokaci guda alhali "at" yana haɗe, tartsatsi zai tashi, har ya iya ƙona hannu ko ya fasa batir.

Sa'an nan a bi wayoyin da hannu da ido. A lanƙwasa waya a gani: idan robarta ta tsage ko ta bushe ta yi ƙarau, to, ta gama aiki. A duba wuraren da waya ta ratsa ƙarfe, musamman tsakanin ɗakin inji da cikin mota, a tabbata zoben roban da ke kare ta yana nan. A kwance duk wani ƙullin da aka murɗa da hannu aka naɗe da baƙin salatif. Motar da ta shekara 40 ta bi ta hannun masu gyara da yawa, kowa ya bar nasa ƙullin. Idan ƙulle-ƙullen sun yi yawa, gara a cire dukan damin wayoyin a shimfiɗa sabo, da a yi ta faci bisa faci.

Wajen sayen waya, a kula da abu uku. Na ɗaya, kauri. Wayar mota mai kaurin murabba'in milimita 1 tana ɗaukar kimanin amfiya 8, mai 2 kuma kimanin amfiya 17. Na biyu, kada a sa wa mota wayar gida mai tsinke ɗaya, domin girgiza tana karya ta; wayar mota mai silli da yawa ce, mai laushi. Na uku, akwai jabu a kasuwa. Wata alminiyam ce ko baƙin ƙarfe aka yi wa fentin jan ƙarfe. A kankare ta da wuƙa, idan cikinta fari ne a bar ta. A kara mata maganaɗisu, idan ya kama ta a bar ta. Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa, watau SON, tana sa alamarta a kan kayan da ta amince da su, sai a neme ta. Araha ba ta ado, balle a wurin da rai yake.

A haɗa waya da waya da ɗan maƙalin ƙarfe da aka matse da filaya ta musamman, ko kuma a liƙe da dalma, sa'an nan a rufe sosai. A kuma tuna cewa jikin mota shi ne hanyar da wuta ke komawa batir. Saboda haka duk inda aka ɗaure wayar "at" a jikin mota, a kankare fenti da tsatsa har ƙarfe ya yi fari, a ɗaure tam, a shafa ɗan giris. Fitilar da ke ja-ja, ko danjar da ke ƙiftawa tare da sigina, sau da yawa ba ƙwai ne ya lalace ba, "at" ne ya yi tsatsa.

Akwai wani tarko game da launin waya. A motocin Ingila, irin su Land Rover da Morris, waya mai ruwan ƙasa ita ce mai ɗauke da wuta kai tsaye daga batir, baƙa ita ce "at". A motocin Jamus kuwa, irin su Volkswagen da Mercedes, mai ruwan ƙasa ita ce "at", ja ita ce mai wuta daga batir. Peugeot ta fi dogara da lambar da ke jikin waya. Wanda ya saba da motar Jamus, idan ya ɗaure waya mai ruwan ƙasa a jikin Land Rover, ya kunna gobara da hannunsa. Kada a yi aiki da zato, a gwada kowace waya da mita.

Yanzu sai fis. Fis mai gadin waya ne. An yi shi da rauni da gangan, domin ya ƙone shi kaɗai kafin waya ta ƙone. Idan ya ƙone, faɗa maka yake yi akwai ɓarna a wani wuri. Wanda ya maye gurbinsa da ƙusa, ko guntun waya, ko takardar sigari, kamar wanda ya kori mai gadi ne domin ya dame shi da ihun ɓarawo. A nemo dalilin, a gyara, a sa fis mai lamba daidai da na asali. Lambar fis kullum ta kasance ƙasa da abin da wayar ke iya ɗauka. Har wa yau, motocin Ingila da yawa na da, fis biyu kacal suka zo da su, fitilun gaba ma ba su da ko ɗaya. Gyara mafi amfani da za a yi wa irin wannan mota shi ne a sa mata sabon akwatin fis mai gurbi 6 ko 8, a raba wa kowane aiki nasa, fitilar dama da ta hagu kowace da nata, domin idan ɗaya ta ɗauke ɗaya ta rage.

MATAKI NA BIYU: CAJI DA BATIR

Batir tulu ne, ba rijiya ba. Kome girman tulu, idan ana ɗiba ba a zubawa, sai ya ƙafe. Mutane da yawa sukan sayi sabon batir, bayan wata biyu ya mutu, su zargi mai shago, alhali laifin na abin da ke yin caji ne.

Motocin da suka fi tsufa da dainamo suka zo. Dainamo ba ya caji sosai sai inji yana gudu, kuma wanda aka sa wa yawancin ƙananan motocin Ingila iyakar ƙarfinsa amfiya 22. Idan dare ya yi ana ruwa, aka kunna fitilun gaba da na baya da waifa, ga kwayil yana cin nasa, an kusa amfiya 20. Idan kuma aka shiga cunkoso, a ce a Taminus, inji yana sululu, to, daga batir ake ci. Altaneta, wadda ta fara yaɗuwa a motoci daga 1960, tana caji ko inji yana sululu, kuma ƙaramarta ma tana ba da amfiya 35 zuwa sama. Saboda haka sauya dainamo da altaneta gyara ne mai kyau, amma da sharaɗi biyu.

Sharaɗi na farko, a ƙara kaurin wayar da ke kai caji zuwa batir, domin tsohuwar ba za ta ɗauki sabon ƙarfin ba. Na biyu, a duba wane kan batir ne a haɗe da jikin mota. Motocin Ingila da yawa da aka ƙera kafin ƙarshen shekarun 1960, kai mai alamar tarawa (+) shi ne "at" ɗinsu. Land Rover ma sai a 1967 ta sauya. Altaneta ta yau, da rediyo, da cajar wayar hannu, duk an yi su ne domin motar da kai mai alamar ɗebewa (–) yake jikin mota. Idan aka haɗa su a juye, nan take suke ƙonewa. Sai a fara juya tsarin motar tukuna, a juya batir, a juya wayoyin kwayil da na agogon caji.

Haka kuma Volkswagen mai ƙirar kunkuru ta kafin 1967, bolt 6 take aiki da shi. Mai son mayar da ita bolt 12 lalle ne ya sauya dukan ƙwayaye, da kwayil, da abin caji, da na'urar ƙifta sigina, ya kuma yi wa injin waifa dabara. Wayoyinta kuwa, in dai lafiyarsu lau, sun isa, domin wayar bolt 6 dama ta fi kauri. Batirin wannan mota a ƙarƙashin kujerar baya yake. Idan ba a rufe kansa da murfi ba, mutum mai nauyi ya zauna, ƙarafan kujera sukan taɓa shi wuta ta tashi.

Ga yadda ake gane lafiyar batir da mita. Batir mai bolt 12 ɗaki 6 gare shi. Idan ya cika, kuma ya huta, mita za ta nuna 12.6. Idan ta nuna 12.2, ya sauka rabi. Idan aka ta da inji, ya kamata ta nuna tsakanin 13.8 da 14.4. Ƙasa da haka caji bai isa ba, sama da haka sosai kuma ana dafa batir ne. Zafi da yawan caji su ke cinye batir a hankali, sanyin asuba tona asiri kawai yake yi. Saboda haka a gwada shi tun a watan Oktoba, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Idan batir mai murafu ne, a riƙa duba ruwansa. Idan ya ragu, a ƙara tataccen ruwan da ake sayarwa domin wannan aiki, ba ruwan rijiya ko na famfo ba, ba kuma ƙarin asid ba. A wanke farin garin da ke taruwa a kawunansa da ruwan ɗumi da aka jiƙa kanwa a ciki, amma kada ya shiga cikin ɗakunan, sa'an nan a shafa man basilin. A ɗaure batir da maɗaurinsa na ƙarfe, ba da igiya ko tsumma ba. Kuma kada a kusance shi da ashana ko sigari, musamman lokacin caji, domin yana fitar da wata iska, haidirojin, mai fashewa.

MATAKI NA UKU: FITILA

Sai an gama waɗancan biyu ake zuwa fitila, kuma sau da yawa mai mota zai tarar haskensa ya ƙaru tun bai sayi ƙwai ba. Dalili shi ne, idan ƙarfin wutar da ke isa ƙwai ya ragu da kashi 10 cikin 100, haskensa yakan ragu da kusan kashi 30. A tsohuwar mota wuta takan taso daga batir, ta shiga bayan sitiyari, ta bi ta tsohon makunni, sa'an nan ta dawo gaba, tana zubewa a hanya.

Maganin wannan shi ne ɗan abin nan da ake kira rile. Rile makunni ne da wuta ke kunnawa. Ana ɗaure shi kusa da fitila, a jawo masa waya mai kauri daga batir, da fis a kusa da batirin. Tsohon makunnin da ke hannun direba sai ya zama aikinsa ba da umurni kawai, ba ya ɗaukar ko rubu'in amfiya ɗaya. A sa guda biyu, ɗaya na doguwar wuta, ɗaya na gajeriya. Kuɗinsu kaɗan ne, amma suna ƙara haske, suna kuma tsawaita ran makunnin da samun irinsa ya yi wuya a Dilimi.

Bayan haka a duba kwanon fitila mai ƙyalli da ke bayan ƙwai. Idan ya dushe ko ya yi tsatsa, babu ƙwan da zai yi haske a cikinsa, sai a sauya shi. A sa ƙwan halojin na ƙa'ida mai wat 60 da 55, kuma kada a taɓa gilashinsa da yatsa, domin maiƙon hannu yana rage kwanansa.

Game da ƙwayayen zamani da ake kira LED, gaskiya ne ba su cin wuta da yawa, kuma suna da amfani a danja, da fitilar lamba, da cikin mota. Idan aka sa su a sigina sai an sauya na'urar ƙiftawa. Amma a fitilar gaba a yi hattara. An ƙera kwanon tsohuwar fitila ne domin ya tattara hasken da ke fitowa daga ɗan siririn zare a wuri ɗaya. Idan aka cusa masa ƙwan da haskensa ke fitowa daga wani wuri dabam, sai hasken ya watse, ya cika idon mai zuwa, alhali kai kanka ba ka hango nesa ba. Direban da ka kashe wa ido, kanka zai nufo. Haka nan dogayen fitilun nan da ake ɗaurawa bisa rufi ko a gaban mota, ba na kan titi ba ne.

Akwai kuma maganar hannu. Ran 2 ga Afrilu, 1972, Nijeriya ta bar tuƙi a hannun hagu ta koma dama. Gilashin fitilar gaba an yanka shi ne yadda gajeriyar wuta za ta ɗaga ta gefen bakin hanya, ta sunkuya ta gefen masu zuwa. Motar da ta shigo kafin 1972, idan gilashinta na asali ne, to, hagu take ɗagawa, watau cikin idon jama'a. Haka ma fitilar gwanjo da aka ciro daga motar Ingila ko ta Japan, domin su har yanzu a hagu suke tuƙi. A duba kafin a saya.

Daidaita fitila ba ya bukatar kuɗi. A tsai da mota a wuri mai baje, mita 10 daga bango. A auna tsawon tsakiyar fitila daga ƙasa, a yi alama a bango daidai wannan tsawo. A kunna gajeriyar wuta. Bakin hasken na sama ya sauka ƙasa da alamar da santimita 10 zuwa 12. Mai ɗaukar kaya ya tuna cewa nauyi a baya yana ɗaga hancin mota, sai ya gwada da kaya a ciki.

Kome kyan fitila, tana da iyaka. Gajeriyar wuta mai lafiya ba ta wuce mita 50 ko 60 ba. Mota mai gudun kilomita 80 a sa'a tana cin mita 22 a kowace daƙiƙa, watau abin da ka hango, kafin daƙiƙa 3 ka iske shi. A cikin hazo kuwa doguwar wuta dawowa take yi cikin idonka. A rage wuta, a rage gudu.

TSOHON BATIR GUBA NE

Cikin batir dalma ce da asid. Kun ji abin da ya faru a Jihar Zamfara a 2010, inda gubar dalma ta kashe yara fiye da 400. Can daga duwatsun zinariya dalmar ta fito, amma gubar iri ɗaya ce da ta cikin batir, kuma ƙananan yara ta fi yi wa lahani, tana taɓa ƙwaƙwalwarsu. Kada a fasa batir a gida, kada a narka dalmarsa a tsakar gida, kada a bar yara su yi wasa da shi. Kada a zubar da ruwansa a kwata, domin kwatocin garin nan da yawa kogin Dilimi suke gangarawa, da ruwansa kuma ake ban-ruwan lambunan Farin Gada da muke cin kayansu. A mayar da tsohon batir ga dillalin da ke saye, da ruwansa a ciki. Makanike kuma ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci abinci.

IDAN WUTA TA TASHI

Da zarar ka ji ƙaurin roba, ka tsaya, ka kashe mota, ka fitar da mutane tukuna. Kada ka wangale bonet gaba ɗaya, domin iska tana rura wuta. Ka ɗaga kaɗan ka fesa. Ka ajiye tukunyar kashe gobara mai gari a inda hannu zai kai, ba ƙarƙashin buhuna ba. Yana da kyau a sa wa tsohuwar mota makunni babba a kan batir, wanda murɗawa ɗaya za ta yanke wuta duka. Idan mota ta mutu a hanya da dare, a kafa alamar nan mai kusurwa uku nesa da bayanta. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana da lambar neman agaji, 122.

KAMMALAWA

Ina roƙon iyayen gidanmu masu gyaran wuta, na Farin Gada da na sauran wurare, ku koya wa yaranku aiki da mita da karanta taswirar waya, su bar gwada wuta ta hanyar ƙyasta waya a jikin mota. Idan mai mota ya ce ku sa masa ƙusa a gurbin fis, ku ƙi. Gara ya tafi yana fushi da a zo muku da labarinsa. Duk abin da kuka sauya ku rubuta a takarda ku ba mai motar, domin wanda zai taɓa ta bayanku. Kayan asali da kuka cire, kamar dainamo da tsofaffin fitilu, ku mayar masa ya adana, suna cikin darajar motar.

Ku kuma masu motoci, kada ku jira sai jami'an duba lafiyar motoci sun tare ku. Idan kuɗin gyara bai isa a yi duka a lokaci ɗaya ba, a bi tsarin nan: wannan wata waya da fis, wata mai zuwa caji da batir, sa'an nan fitila. Yau da magariba kowa ya kunna fitilunsa, ya sa yaro ya taka birki, ya zagaya motarsa ya duba gaba da baya. Sa'an nan ya buɗe akwatin fis ya ga abin da ke ciki. Wanda ya tarar da takardar sigari, ya san inda zai fara.

 Allah Ya kiyaye hanya, Ya kai kowa gidansa lafiya, Ya kuma zaunar da Jihar Filato da ƙasarmu Nijeriya lafiya.